Mashin ɗin Batulu a Zauren Baffa

Batulu ba ta da tsawo, ba ta kuma ɗaga murya, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka gwada ture ɗaya daga cikin duwatsun Kazaure. Yayanta Sharfuddeen ya fi kowa sanin haka, shi ya sa ranar da ta shigo gida da mashin mai caji bai ce ta mayar ba. Ya dai zagaya shi, hannuwa a goye a baya, irin zagayen da yake yi wa ma'aikatansa a ofis, sannan ya kafa mata sharaɗi.

"Ki hau, ban hana ki ba," ya ce. "Amma ranar da abin nan ya mutu miki a hanya har aka ɗauko ki, ko magariba ta yi miki a waje, ranar za ki kawo min makullin da hannunki. Kin yarda?"

"Na yarda, Yaya."

Tun da mijinta Falalu ya rasu ta gama takaba, Sharfuddeen ya aika mota aka kwaso ta ita da 'ya'yanta zuwa gidansu na gado a Kazaure. Kuma a faɗi gaskiya, bai rage ta da komai ba. Ci, sha, sutura, makarantar yara, har man shafawa. To, wannan ɗin ne ya ishi Batulu. Mace ta haura arba'in, in za ta gaisuwar mutuwa sai ta jira direban Yaya ya dawo, in sabulu ya ƙare sai ta buɗe baki ta faɗa. Ba wanda ya taɓa yi mata gori ko da wasa, amma kullum ji take kamar kwanon jere, an goge an ajiye, an hana kowa taɓawa.

Sai ta fara dillanci. Atamfa, leshi, zanin gado, turaren wuta, tana kai wa matan ƙauyukan Roni da Gwiwa waɗanda ba su cika fitowa kasuwa ba. Da farko acaba take hawa, har fetur ya yi tashin da ya yi, ɗan abin da take samu ya koma ƙarewa a hanya. Ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen aurenta, ta sayi mashin.

Ɗan ƙarami ne, ruwan toka, ba ƙara ba hayaƙi, kaji ma ba sa jin zuwansa sai ya zo kansu. Aibinsa ɗaya, numfashinsa gajere ne. In ya cika da caji yakan kai ta Roni ya dawo da ita lafiya lau, amma Gwiwa da abin da ke bayanta, zai kai ta ne kawai, a hanyar dawowa ya tsaya yana kallonta. Sharfuddeen ya san haka sarai, don sai da ya tambaya aka gaya masa kafin ya yi magana. Wato igiya ya ɗaura mata, ya auna tsawonta daidai Roni, ya koma ya zauna yana jira.

Ita ma ta gane. Ta wuce wurin Muhammad Auwal mai haɗa sola a bakin kasuwa. Ya haɗa mata faifan sola mai naɗewa, in an ninke shi bai fi darduma ba, da ɗan akwati da waya da za ta jona a jikin batir.

"Anti, duk inda kika tsaya ki shimfiɗa shi a tsakiyar rana," ya ce. "Ke kina ciniki, shi yana sha. Abu ɗaya kawai za ki kiyaye, inuwa. Ko ta reshe ɗaya ce ta faɗa a kansa, ƙarfinsa ya tafi."

Abin ya yi aiki kuwa. Ta riƙa zuwa Gwiwa tana dawowa da sauran rana a sama. Kullum ta shigo layinsu sai ta tarar da Sharfuddeen a kan kujerar roba a ƙofar gida, rediyo a kunne, wai shi labarai yake ji. Ta gaishe shi ya amsa, idonsa na satar kallon 'yan fitilun nan huɗu kore da ke nuna sauran caji. Ita kuwa sai ta ɗan jinkirta kashe mashin ɗin, don ya kalla da kyau.

Ana tsakiyar bazara Inna Dela, wata dattijuwa mai sayen kayanta, ta aiko mata daga Unguwar Sama'ilu, wata 'yar ruga da ta zama ƙauye can bayan Gwiwa. Za su aurar da jikarta, ana son a ga kayan ɗaki. Batulu ta sha zuwa gidan a kan acaba, amma ba ta taɓa zuwa da mashin ɗinta ba. Ta san da nisa, ta kuma san daga Gwiwa hanyar yashi ce, yashi kuwa shan batir yake kamar ba gobe. Ta zauna ta auna abin a ranta. Zuwa zai cinye kusan duka. Amma in faifai ya sha rana tun daga hantsi har bayan azahar, dawowa ba abin damuwa ba ce. Ta ɗaure ƙunshinta a baya, ta fita tun da sanyin safiya.

Ta isa da hantsi, fitila ɗaya ce ta rage. Ƙofar gidan ba kowa, maza duk sun tafi rijiya shayar da shanu. Akwai ƙatuwar darbejiya a gefen zaure, inuwarta luf-luf, Batulu ta wuce ta kamar ba ta gani ba. Can tsakiyar fili, inda ko tsinke babu, ta kafe mashin, ta warware faifai, ta danne kusurwoyinsa da duwatsu, ta jona waya. Sai da ta ga 'yar jar fitilar akwatin tana ƙyaftawa, alamar yana sha, sannan ta ɗauki ƙunshi ta yi sallama ta shiga.

Wanda bai taɓa ganin mata suna zaɓen kayan aure ba bai san jinkiri ba. Aka baje atamfofi a tabarma. Wannan ta ce ja ya yi yawa, waccan ta ce zanen ya yi na tsofaffi, aka aika kiran wata gwaggo daga ƙarshen unguwa don ita ce ta san ido, ta zo ta kushe duk abin da aka zaɓa aka koma farko. Aka kawo fura da nono mai kauri, aka kawo dambu. Batulu ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan. Ita ce ma take ƙara jan hira, tana dariya har da dafa cinyar Inna Dela, don ta san duk zaman da take yi a nan, can waje batir cika yake. Zafin da yake sa mata fifita da bakin zani, ita daɗi yake mata.

Ta yi azahar tare da su, ta ƙulle sauran kaya, ta fito.

Fili fayau. Duwatsun nan huɗu suna nan inda ta ajiye su, amma ba mashin, ba faifai. Ta tsaya tana waige-waige.

"Yana nan, 'yata, kwantar da hankalinki."

Muryar Baffa Sama'ilu ce, mai gidan, daga cikin zaure. Dogon dattijo ne siriri, ya yi kiwo har ƙafarsa ta gaji sannan ya zauna ya kama noma, kuma duk yankin an san shi da abu ɗaya: baƙonsa ba ya kukan komai. Yana zaune a kan buzu, fuskarsa cike da jin daɗin mutumin da ya yi abin kirki yana jiran a gani.

Batulu ta leƙa. Ga mashin ɗinta can ƙuryar zaure, inda ya fi ko'ina duhu da sanyi. An goge masa ƙura tas, an lulluɓe shi da sabuwar tabarma. Faifan an ninke shi tsaf an ɗora a kan kujera, wayar an naɗe ta an ɗaure kamar igiyar tatsa.

"Muna dawowa daga rijiya na hango shi a tsakar rana," in ji Baffa. "Na taɓa ƙarfen, wallahi har yana ƙona hannu. Na ce wa ɗana Lauwali, wannan wane irin abin kunya ne? Abin hawan baƙuwa a rana, a ƙofar gidana, ga inuwa tana zaman banza? Har shimfiɗarki an bari a ƙasa awaki za su taka."

"Yaushe ke nan, Baffa?"

"Ai ina jin ko zama ba ki gama yi ba."

Ta ɗaga tabarmar ta murɗa makulli. Fitila ɗaya. Yadda ta zo da ita, haka take.

Da mugunta aka yi mata, da ta san abin faɗi, don Batulu ba ta rasa baki. Amma ga dattijo ya ba ta sabuwar tabarmarsa, ya sa an goge mata har tayoyi, yana kallonta yana murmushi. Ta ji haushinsa, ta ji haushin kanta da ba ta bar sallahu ba kafin ta shiga, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

"Baffa, ba zai kai ni gida ba. Cajinsa ya ƙare."

"To mene ne a ciki?" ya ce. "Ki kwana. Ga ɗakin Dela."

"Ba zan kwana ba."

"To Lauwali ya ɗora shi a amalanke zuwa Gwiwa, ki shiga mota."

"A'a, Baffa."

"To bari in kira yayanki. Ai na san Malam Sharfuddeen tun yana aiki a Gwiwa, mutumin kirki. Yanzu sai ya turo mota."

Hanya uku ya kawo mata, kowacce da zuciya ɗaya, kuma kowacce ƙarshenta makulli ne a tafin hannun Yaya. Batulu ta ga kanta ta koma zaman jiran direba, tana leƙen ƙofa. Ta cire tabarmar ta naɗe ta jingine, ta rataya faifan a kafaɗa, ta kama kan mashin ta fara turo shi waje.

Baffa ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa. Murmushin ya tafi.

"Ina za ki kai shi?"

"Rana."

"Ba a gidana ba."

Mazan da ke hutawa a gindin darbejiya suka juyo suna kallo. Lauwali, magidanci da 'ya'yansa, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Baffa ya ce tun zamanin mahaifinsa, ko jaki baƙo ya zo da shi, inuwa ake kai shi a ba shi ruwa kafin a ba mai shi. Ya ce mutanen kasuwa suna wucewa ta nan, so take a je ana faɗi a Gwiwa cewa Sama'ilu ya tsufa ya lalace, har abin hawan mace baƙuwa ake shanyawa a ƙofarsa kamar barkono?

Batulu tun da take ba ta taɓa mayar wa sa'an ubanta magana ba. Ta kafe mashin, ta durƙusa har ƙasa yadda ya kamata, ta sunkuyar da kai. Amma hannunta ɗaya yana riƙe da ƙarfen mashin ɗin, ba ta saki ba.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa. Da safe ina aka kai shanunka?"

"Kiwo mana."

"A rana?"

"To a ɗaki ciyawa take fitowa?"

"Shi ma kiwo na kai shi. Ba ya shan fetur, ba ya cin komai sai rana. Wannan shimfiɗar ita ce bakinsa. Na kai shi makiyaya yana cikin ci, aka koro shi aka ɗaure a ɗaki."

Baffa ya dube ta, ya dubi mashin. Fuskarsa ta sauya a hankali. Kana iya gaya wa makiyayi magana iri-iri ya shanye, amma ban da cewa ya ɗaure dabba da yunwa.

"Da yunwa?" ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun hantsi."

"Kuma ni na ɗaure shi."

Ta ce dai, "Ko ka matsa ko ba ka matsa ba, Baffa, ni ba zan kwana ba, ba kuma za a ɗauke ni ba. In ka hana ni nan, zan tura shi bayan gari in shimfiɗa a gonar wani. Gara dai a nan."

Ya matsa.

Ta mayar da komai inda yake da safe, jar fitila ta kama ƙyaftawa. Tana ɗagowa sai ta ga Baffa ya fito da buzunsa da malafa, ya zo ya shimfiɗa a gefen mashin, a tsakiyar wannan rana mai narka mutum, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Haba Baffa, ka koma inuwa."

"In abin hawan baƙuwa zai tsaya a rana a ƙofar gidana, to da mai gidan za a tsaya. Mai wucewa ya gani ya san ba wulaƙanci ba ne."

Rantsuwa ta yi, roƙo ta yi, ko gezau. Da mazan gindin bishiya suka ga mai gida a rana, zaman inuwa ya gagare su, suka taso ɗaya bayan ɗaya suka kewaye mashin. Nan kuma wata sabuwa ta taso, don duk wanda ya matso kallo sai inuwarsa ta hau faifai. Batulu ta faɗa sau ɗaya, Baffa ya karɓe aikin. Ya riƙa nuna mutane da sandarsa. "Kai, ja baya, yana ci! Lauwali, kanka ya tare masa!" Akuya ta doso ya kore ta da tsakuwa. Da rana ta fara karkata, Batulu ta ce a samo abin da za a tokare faifan ya fuskance ta, aka kawo turmi aka jingina.

Ita ma ba ta koma inuwa ba. Ta zauna a ƙasa, mayafi a ka, gumi na bin bayanta, idonta a kan fitilu. Ta biyu ta kama. Can da daɗewa ta uku ta fara lumshewa tana buɗewa, ta ƙi tsayawa. Aka kira la'asar. Batulu ta san lissafin bai cika ba, amma in ta ƙara zama, abin da za ta samu a batir za ta rasa shi a rana. Ta yi sallah, ta mayar wa Inna Dela ƙunshin kayan gaba ɗaya ta ce a ajiye mata, don ko zani ɗaya nauyi ne yau. Ta ɗaure faifai a baya ta hau.

"Ki yafe ni, 'yata," in ji Baffa.

"Ba ka yi min komai ba sai alheri," ta ce, kuma ga mamakinta har cikin ranta ta faɗa.

Yashi ya cinye fitila ta uku tun kafin ta ga rufin kwanon Gwiwa. Ta ratsa garin ba ta tsaya gaida kowa ba, wata mai ƙosai da ta saba saye a wurinta tana ɗaga mata hannu ta yi kamar ba ta gani ba. A kan kwalta ta riƙa tafiya a hankali, ba ta murɗa hannu da ƙarfi, in ta samu gangara ta saki ya gangara da kansa. 'Yan acaba suna wuce ta fuu, wani har da waiwaye yana cewa, "Hajiya, a jawo ki ne?" Ta ɗauke kai. Fitila ta biyu ta mutu. Ta ci gaba da ɗaya, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Duwatsun Kazaure sun fito sosai, har tana hango dogon ƙarfen sabis na cikin gari, sai hanya ta fara hawa. Mashin ya yi nauyi, ya ja, ya ja, fitilar ƙarshe ta ƙyafta ta ɗauke. Ya tsaya cak.

Batulu ta sauka ta dubi yamma. Rana ta yi ƙasa, ta fara yin ruwan ɗorawa, amma da sauranta. Turawa da ƙafa daga nan har gida ba zai yiwu kafin magariba ba, ta san wannan. Ta tura shi gefen hanya zuwa wani falalen dutse da ke kallon yamma, ta warware faifai ta jingina shi a tsaye, fuskarsa a cikin idon rana, ta jona. Jar fitila ta yi kamar ba za ta kama ba, sannan ta kama.

Ba ta daɗe da tsugunnawa ba ta hango farar mota tana gangarowa daga gari. Ko ba a gaya mata ba ta san ta. Motar ta wuce kaɗan, ta juyo, ta tsaya a bayanta. Sharfuddeen ya fito, shi kaɗai ba direba, cikin farar shadda. Ya buɗe but ɗin mota ya bar shi a hangame.

"Baffa Sama'ilu ya kira ni," ya ce. "Ya ce shi ya yi miki laifi, hankalinsa ya ƙi kwanciya, in fito in tare ki."

Batulu ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Bawan Allah, ya sake yi mata alheri.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Tashi mu sa shi a mota."

"Ba a ɗauko ni ba tukuna. Magariba kuma ba ta yi ba."

"Batulu, ya mutu. Ina gani, kina gani."

"Ci yake."

Sharfuddeen ya cire hula ya share goshi ya mayar. Ya ce ta dubi kanta, fuska duk ƙura, leɓe ya bushe, tana tsugune a bakin titi kamar wadda ba ta da kowa. Ya ce shi mutane suke tsayarwa a masallaci suna tambaya ko wani abu ya faru ne a gidan, da ƙanwarsa take yawon ƙauyuka. Ya ce tun da aka kira shi zuciyarsa take bugawa, duk motar da ya gani a gefen hanya sai ya zaci ita ce aka kaɗe. Wannan ta ƙarshen da gaske yake, ta ji a muryarsa, kuma ta ji tausayinsa.

"Me na rage ki da shi?" ya ce. "Faɗa min abu ɗaya."

"Babu, Yaya. Baffa ma bai rage mashin ɗin nan da komai ba. Har sabuwar tabarma ya lulluɓa masa."

Ya dubi mashin ɗin. Sannan ya tako ya zo ya tsaya a gabanta, ya miƙo hannu zai kama kan mashin. Mutum ne mai jiki, ga babbar riga, ga rana ta yi ƙasa. Inuwarsa ta miƙe ta rufe faifan tun daga wannan gefe har wancan. Jar fitila ta ɗauke.

Batulu ta miƙe tsaye. Kanta bai wuce kafaɗarsa ba. Tun suna yara ba ta taɓa ba shi umarni ba, shi ne mai cewa a yi a bari.

"Yaya, matsa. Inuwarka ta rufe min faifai."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Ya dube ta, ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba. Ya juya ya dubi inuwar tasa a kan faifan, ya dubi fitilar da ta mutu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya janye hannunsa, ya ja da baya, ya koma gefe. Fitila ta kama.

Iskar yamma ta taso ta bugi faifan, gefe ɗaya ya zame daga jikin dutse zai kife. Batulu ta cafke nata gefen, ɗayan yana lilo, hannunta bai kai ba. Sai ta ga hannun farar shadda ya kama shi.

"Haka?" ya ce, bai dube ta ba.

"Ɗan karkato shi ƙasa. Yauwa. Ka tsaya ta baya."

Haka masu wucewa suka gan su, babban ma'aikaci da ƙanwarsa, sun riƙe faifai sun tara wa rana. Wani ɗan acaba ya rage gudu ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Sharfuddeen ya ce lafiya lau, bai saki ba. Hannuwansu suka gaji. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa kan duwatsu, har jar fitilar ta fara jinkiri tsakanin ƙyaftawa da ƙyaftawa. Batulu ta murɗa makulli. Kore ɗaya ta kama, ta tsaya.

Ta cire waya ta ninke faifai da sauri.

"Kawo in sa a mota, nauyi ya ragu," ya ce.

"A'a. Sai a ce an ɗauko rabina."

Ta ɗaure abinta a baya ta hau. Hawan nan da ƙyar aka yi shi, mashin yana ja, ita tana taimaka masa da ƙafa tana dungurar ƙasa, takalminta ɗaya har ya tsinke ta bar shi a nan. Da ta kai tudu sai gangara ta karɓe ta har cikin gari. Farar mota tana biye da ita a baya, a hankali kamar mai rakiyar amarya, masu Keke Napep suna ta danna mata ham, ba ta wuce ba, ba ta kuma matso ba.

A bakin layinsu fitilar ta mutu. Batulu ta diro ta kama turawa da gudu-gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ladanin masallacin unguwa yana bubbuga lasifika yana hurawa, yadda ya saba kafin ya fara. Ta cusa tayar gaba a zaure, ta baya ta biyo, sannan ya ɗaga murya.

Ta jingina da bango tana haki. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zare makullin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori.

Sharfuddeen ya shigo yana kaɗe ƙurar hannun rigarsa. Ya dubi ƙullin mayafin, bai miƙo hannu ba.

"Gobe dai hutawa za ki yi," ya ce.

"Gobe Babura za ni."

Ya sunkuya ya ɗauki buta, har ya kai ƙofa sannan ya tsaya, bai juyo ba.

"To in kin je, ki gaya musu tun kafin ki shiga gida. Kada su sa shi a inuwa."